Mamurɗin Rediyo: Tarihin Gwangwani Mai Ƙafa Uku

Masu gyaran rediyo a Kano da Zariya da Maraɗi boliyom suke ce masa, injiniyoyi kuma su ce fotenshiyomita. Ɗan gwangwani ne zagayayye, faɗinsa bai wuce santimita biyu da ɗoriya ba, da sanda a tsakiya inda ake cusa robar da yatsu ke murɗawa, da ƙafafu uku a gindi waɗanda ake liƙawa da dalma. Shi ke ƙara murya, shi ke rage ta, a rediyo da rikoda da na'urar lasifikar masallaci. Ya girmi gidan rediyo na farko da kusan shekara 80, domin waɗanda suka fara tunaninsa awo ne ya dame su, tun kafin kowa ya yi mafarkin jin muryar mutum a cikin akwati.

Damuwar ta samo asali ne daga batir. Tun da Alessandro Volta ya haɗa tulinsa na faya-fayan tutiya da jan ƙarfe a shekarar 1800, masana suka sami wutar lantarki mai gudana, amma ba mai tsayawa kan magana ɗaya ba. Da zarar an jona mata waya sai ƙarfinta ya fara sauka, saboda kumfar iska da ke taruwa a jikin jan ƙarfen. A 1825 wani malamin lissafi a wata makarantar sakandare ta birnin Kolon na Jamus, Georg Simon Ohm, ya duƙufa kan gano dangantakar da ke tsakanin tsawon waya da yawan wutar da ke bi ta cikinta, batirinsa yana ta yi masa wasa da hankali. Wanda ya ba shi shawarar da ta fisshe shi wani editan mujallar kimiyya ne a Balin, Johann Christian Poggendorff. Ya ce masa ya bar batir, ya haɗa ƙarfe iri biyu, ya tsoma mahaɗa ɗaya a tafasasshen ruwa, ɗaya a ƙanƙara mai narkewa. Wutar da wannan haɗin ke bayarwa kaɗan ce, amma ba ta canjawa muddin zafi da sanyin suna nan. Da ita Ohm ya kai ga ƙa'idar da ya wallafa a littafinsa na 1827: yawan wutar da ke gudana daidai yake da ƙarfin turin da ke bayanta idan aka raba shi da turjiyar hanyar da take bi.

Akwai wani reshe na ƙa'idar wanda duk tarihin nan ya rataya a kansa. Idan waya kaurinta ɗaya ne daga farko har ƙarshe, ƙarfin turin yana raguwa ne a jikinta daidai-wa-daida, taku bayan taku. Wanda ya taɓa tsakiyarta zai sami rabin ƙarfin, wanda ya taɓa rubu'inta zai sami rubu'i.

Poggendorff ba ɗan gata ba ne. An haife shi a Hambog a 1796, ya fara rayuwa a matsayin yaron kantin magani, sannan ya tafi Balin neman ilimi. A 1824 aka damƙa masa mujallar Annalen der Physik und Chemie, ya riƙe ta sama da shekara 50, kusan har rasuwarsa a 1877. Mutum ne mai son gwaji da awo, mai ɗari-ɗari da dogon nazari, har ta kai ya ƙi buga maƙalar Hermann Helmholtz ta 1847 kan cewa makamashi ba ya ɓacewa, wadda daga baya ta zama ɗaya daga cikin ginshiƙan kimiyyar fiziks. Wannan hali da ya sa shi tuntuɓe a can shi ne kuma ya sa ya ƙi haƙura da awon da bai inganta ba.

Matsalar da ya tunkara a 1841 mai wuyar sha'ani ce. Duk na'urar da za ta auna ƙarfin batir sai ta sha wuta daga jikinsa, kuma shan da ta yi shi ke rage ƙarfin da take son aunawa. Dabarar Poggendorff ita ce a daina tambayar batirin kai tsaye. A samo wata wuta ta daban wadda ake iya ƙarawa da ragewa, a sa ta fuskanci ta batirin gaba da gaba, a saka allura mai motsi a tsakaninsu. Idan ɗaya ta fi ƙarfi allurar za ta karkata. A yi ta gyarawa har allurar ta tsaya cak a tsakiya. A wannan lokacin babu wutar da ke fita daga batirin ko ɗigo, saboda haka bai raunana ba, kuma ƙarfinsa daidai yake da na kishiyarsa, wanda an riga an sani. Aikin sikeli mai faranti biyu ke nan: mai awo ba ya ɗaga nama ya kintata nauyinsa, duwatsun awo yake jerawa a ɗaya farantin har sandar ta daidaita.

Waɗanda suka biyo baya ne suka ba dabarar siffar da ta zauna. Emil du Bois-Reymond, masanin Balin da ke auna 'yar wutar da ke gudana a jijiyoyi da tsokar kwaɗi, ya yi amfani da miƙaƙƙiyar waya da ɗan ƙarfe mai zamewa a kanta. Wannan siffar ce har yau take kan teburan ɗakunan gwaji na makarantun sakandare, kuma duk ɗalibin da ya shirya wa jarrabawar fiziks ta WAEC ko NECO ya santa: katako mai tsawon mita ɗaya, waya siririya a miƙe a kan ma'aunin santimita, da ɗan ƙarfen da ake dangwalawa. Idan aka ɗora folt 2 a kan wayar mai santimita 100, kowace santimita na ɗauke da folt 0.02. Batirin da allurarsa ta tsaya a santimita 55 yana da folt 1.1, wanda kusan shi ne ƙarfin batirin da John Daniell ya ƙera a 1836. An mayar da abin da ido ba ya gani ya zama tsawon da yaro zai karanta a jikin rula. Da Latimer Clark ya fito da batirin ma'auni a farkon shekarun 1870, sannan Edward Weston ya fito da nasa mai folt 1.018 a 1893, wanda ƙasashe suka amince da shi a 1911, sai wannan tsari, wato fotenshiyomita na asali, ya zama alƙalin awon lantarki a manyan ɗakunan gwaji na duniya, ya kuma daɗe a kan kujerar har zuwan mitoci masu nuna lamba.

Yana da ɗan'uwa da ake yawan rikita su. A 1843 Charles Wheatstone ya gabatar wa ƙungiyar masana ta Royal Society a Landan wata na'ura da ya kira riyostat: gangar katako da gangar tagulla a jere, da waya da ake warwarewa daga ɗaya ana naɗewa a ɗaya. Wayar da ke kan katako dole wuta ta bi duk tsawonta, wadda ta koma kan tagulla kuwa wuta tsallake ta take yi. Riyostat ƙafa biyu gare shi, a kan hanyar wuta yake tsayawa ya tare ta, kuma duk abin da ya tare zafi yake zama. Shi ya sa na masana'antu suke manya, masu ƙuna. A birnin Milwaukee na Amurka, Lynde Bradley ya jera faya-fayan gawayi a cikin bututu, idan aka matse su turjiyarsu ta ragu, idan aka sassauta ta ƙaru. Da kuɗin wani likita, Stanton Allen, ya kafa kamfani a 1903 don ƙera na'urorin sarrafa injinan ɗaga kaya, kamfanin da ya zama Allen-Bradley.

Rediyo ce ta fito da waɗannan na'urori daga ɗakin gwaji da masana'anta ta kai su falo. Ranar 2 ga Nuwamba 1920 tashar KDKA ta birnin Pittsburgh ta watsa sakamakon zaɓen shugaban Amurka, kuma cikin 'yan shekaru miliyoyin gidaje suka mallaki akwati. Rediyon lokacin da kwalaben gilashi take aiki, kowace da siririn zare a ciki wanda batir ke zafafawa. Mai sauraro kan rage murya ta hanyar rage wutar zaren da riyostat, har Allen-Bradley ya yi kasuwa sosai da wani ƙarami mai suna Bradleystat. Hanya ce mai wahala, domin zaren da aka cika wa wuta ƙonewa yake yi, wanda aka rage wa da yawa kuma muryarsa shaƙewa take yi. Wajen 1927 aka fara sayar da kwalabe masu aiki da wutar gida, waɗanda ba sa jin ragin wuta nan take, don haka tsohuwar dabarar ta mutu. A daidai wannan zamani Harold Wheeler ya ƙirƙiro da'irar da ke daidaita ƙarfin tasha da kanta, ta nesa da ta kusa su zo kusan ɗaya. Abin da ya rage wa mai sauraro shi ne ya zaɓi yawan muryar da yake so, kuma nan ne mai ƙafa uku ya sami gurbin da bai bari ba har yau: tsakanin sashen da ke tsamo murya daga iska da sashen da ke ƙara mata ƙarfi.

Wanda ya ɗaga 'yan kunnuwan gwangwanin ya buɗe shi zai yi mamakin ƙarancin abin da ke ciki. Wani ɗan faifai ne mai launin ƙasa, an shafa masa baƙin layin gawayi a zagaye, zoben da bai haɗe ba. Wannan layin shi ne miƙaƙƙiyar wayar ɗakin gwaji, an lanƙwasa ta don ta shiga aljihu. Bakinsa ɗaya na jone da ƙafar hagu, ɗaya da ta dama. A jikin sandar akwai ɗan harshen ƙarfe mai tauri da ke goga layin, shi kuma yana jone da ƙafar tsakiya. Sandar ba ta cika zagaye, tana tsayawa ne bayan digiri 270 zuwa 300.

A ɗauki wanda aka rubuta wa B10K, wato mai turjiyar om 10,000, a ɗora masa batir mai folt 9 a ƙafafun gefe. Turjiyar da ke tsakanin waɗannan ƙafafu biyu ba ta canjawa ko an murɗa ko ba a murɗa ba. Abin da ke canjawa shi ne inda harshen ya raba layin gida biyu. Idan yana tsakiya, om 5,000 na gabansa, 5,000 na bayansa, ƙafar tsakiya ta ba da folt 4.5. Idan ya sauko zuwa rubu'i sai ta ba da 2.25. Idan ya kai ƙarshe ta ba da sifili, ko ta ba da 9 cif. A cikin rediyo, maimakon batir, muryar mai karanta labarai ce ake ɗorawa a kan layin, a matsayin 'yar wuta mai kaɗawa. Muryar na nan cikakkiya a kan layin koyaushe, harshen yana ɗibar kason da aka umarce shi ne ya miƙa gaba. Da yake wutar ba ta taka kara ta karya ba, gwangwanin ba ya zafi, kuma ana iya ƙera shi ƙarami da araha.

Sai dai an tarar da wata matsala da ba ta cikin waya, tana cikin kunne. Tun 1860 Gustav Fechner, yana ɗorawa kan aikin Ernst Weber, ya bayyana cewa gaɓoɓin ji na ɗan Adam ninki suke lura da shi, ba ƙari ba. Kafin kunne ya ce murya ta ninka biyu, sai an ninka ƙarfin da ke shiga lasifika kusan sau 10. Saboda haka idan aka sa mamurɗi mai raba layi daidai-wa-daida a rediyo, murya za ta yi tsalle tun daga ɗan murɗin farko, sauran zagayen kuma kusan a banza. Masu ƙira suka gyara layin gawayin ya zama mai rowa a farko, mai kyauta a ƙarshe, ta yadda a rabin zagaye abin da ke fita bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba. A kayan da ake ƙerawa a Asiya, waɗanda su suka cika kasuwanni, harafin A ke nuna irin wannan, B kuma na nuna mai rabo daidai. A masu araha ba a ma wahalar da kai wajen yin lanƙwasa ta gaskiya, shafi biyu ake haɗawa, mai turjiya kaɗan da mai yawa, kunne kuma ya karɓa. Ido ma haka yake, kuma wata makaɗiyar piyano a Filadelfiya, Mary Hallock-Greenewalt, haifaffiyar Bairut, ta sami takardar mallakar fasaha a 1920 kan riyostat da ta tsara don hasken fitilu ya riƙa tashi a hankali yana bin kiɗa.

Yaƙin Duniya na Biyu ya buƙaci wani iri dabam. Arnold Beckman, wanda ya ƙera na'urar auna tsami saboda masu sarrafa lemon tsami a Kalifoniya, ya ga zagaye guda bai isa a daidaita na'urarsa da kyau ba. Sai ya naɗe wayar ta zama murɗaɗɗiya, harshen yana binta zagaye 10 kafin ya kai ƙarshe, ya sa mata suna Helipot. Masu ƙera na'urar hango jiragen sama a cibiyar MIT suka gano ita suke nema, oda ta yi yawa har ya buɗe mata kamfani na musamman. A 1947 kuma wasu ma'aurata, Marlan da Rosemary Bourns, suka fara aiki a garejin gidansu a Altadena, suka fito da Trimpot a 1952: ɗan mitsitsin da ake saitawa da sukuddireba sau ɗaya a masana'anta a rufe. Ire-irensa ne ake gani kan allon tsofaffin talabijin, an ɗiga musu fenti don kada su motsa.

A ƙasar Hausa rediyo ta fara shigowa ne ta waya. A 1944 gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe tashar rarraba shirye-shirye a Kano, ana jan waya zuwa lasifikoki a dandali da gidajen masu biyan kuɗi, ba mai zaɓen tasha. Abin da ya sauya lamarin shi ne tiransista. Regency TR-1 ta fito a Amurka a 1954, kamfanonin Japan suka bi sahu, rediyo ta rabu da kwalabe da wutar gida ta koma cin batirin tocila. Sashen Hausa na BBC ya fara magana ranar 13 ga Maris 1957, gidan rediyon Nijar ya buɗe a 1958, na Kaduna a 1962, sashen Hausa na Muryar Jamus a 1963. Akwatin ya hau kafaɗar makiyayi, ya zauna kan teburin mai shayi da gefen keken tela. A yawancinsu an haɗa makunni a bayan mamurɗin, shi ne ƙas ɗin da ake ji kafin murya ta taso. Dattawan da ke hana yara ƙure murya don kada batir ya ƙare suna da gaskiya, ko da yake ba mamurɗin ne ke shan batirin ba: sashen ƙarshe na irin waɗannan rediyoyi yana jan wuta ne gwargwadon ƙarar da aka sa shi yi.

Rauninsa a fili yake, abu ne mai goga. Kowane murɗi na kankare ɗan gawayi, ƙurar hunturu na shiga ta ramin ƙafafu, damina na sa harshen tsatsa. Sai a fara jin ƙarr-ƙarr idan an taɓa shi, ko murya ta ɗauke a wuri guda, galibi wurin da mai rediyon ya saba ajiye shi shekara da shekaru. Ƙwararren mai gyara ba ya gaggawar cirewa. Yakan ɗora mita a ƙafafun gefe ya ga ko lambar ta yi kusa da abin da aka rubuta, don masu araha kan kauce da kashi 20 cikin 100 tun suna sababbi. Sannan ya mayar da tsinke ɗaya ƙafar tsakiya ya murɗa a hankali, yana kallon ko allurar na tafiya sumul ko tana zabura. Idan datti ne, ya fesa masa ruwan wanki ya yi ta murɗawa har ya washe. Idan an wanke ƙarar ta dawo, yakan zargi kafasitar da ke kusa, wadda ta tsufa tana yoyon wutar batir zuwa kan layin. Yaron shago kuwa darasinsa na farko shi ne kada ya juya ƙafafun gefe, in ba haka ba rediyo za ta riƙa yin shiru idan an murɗa dama. Na biyu shi ne kada ya sa B a gurbin A don kawai lambarsu ɗaya. Wannan ilimi ne na gaske, ƙa'idar Ohm ce ake aiki da ita a bakin titi, kuma bai kamata a raina shi ba don masu shi ba su koye shi a aji ba.

Ba a rediyo kaɗai ya ɓuya ba. A cikin tankin mota akwai kumbo mai iyo da ke jan harshe a kan layin turjiya, shi ke gaya wa gejin mai abin da zai nuna. A motoci da yawa akwai wani a jikin totur da ke shaida wa kwamfutar injin yadda direba ya taka. Madaidaitan da mai haɗa sauti ke turawa sama da ƙasa a situdiyon Kano shi ne, an miƙar da layinsa. Gitar lantarki da makaɗan Agadas suka shahara da ita na ɗauke da masu om 250,000 ko 500,000, kuma makaɗi kan taɓa su da ƙaramin yatsa a tsakiyar waƙa.

Yanzu ana ture shi daga wurare da dama. Wayar salula maɓalli biyu gare ta a gefe, kowace dannawa lamba ce da ake aika wa manhaja. Mamurɗin rediyon sababbin motoci yana juyawa ba iyaka, domin babu layin gawayi a bayansa, ƙirga taku kawai yake yi. A totur da na'urorin wasan kwamfuta ana komawa ga maganaɗisu da ke auna juyi ba tare da goga ba, bayan masu wasa sun daɗe suna kukan sandunan da ke karkata da kansu idan layin ya cinye. Ta fuskar ƙarko wannan ci gaba ne, babu musu. Amma an yi asarar abubuwa biyu masu daraja. Tsohon mamurɗi yana riƙe matsayinsa ko an ɗauke wuta, kuma makaho ma yana sanin inda yake da taɓawa. Sannan idan ya lalace, mutum mai mita da ƙarfen dalma yana iya gano ciwon ya magance shi da kuɗi kaɗan, alhali ɗan guntun silikon da ya gaje shi sai dai a sauya allon gaba ɗaya, in an samu.

Kamfanoni irin su Alps na Japan da Alpha na Taiwan da Bourns na Amurka na ci gaba da ƙera shi, saboda masu amfilifaya da gita da injinan walda da kayan koyarwa ba su daina nema ba. Har guntayen da aka yi don su maye gurbinsa, waɗanda ake kira fotenshiyomita na dijital, tsarinsa suka ɗauka: jerin ƙananan turjiya a cikin silikon, sau da yawa matakai 128 ko 256, da makunnai da ke zaɓar inda za a ɗiba. Suna da iyakarsu, domin yawancinsu ba sa jure abin da ya wuce 'yan folt, kuma masu arahar cikinsu kan manta matsayinsu su koma tsakiya duk lokacin da aka kashe na'ura.